Sandar Balarabe a Lungun Makaɗa

Akwai wata naƙasa da na daɗe ina lura da ita a cikin mutane, malaminsu da jahilinsu. Idan mutum ya cuci ɗan'uwansa, sai ya fi tsoron wurin da ya yi laifin fiye da laifin kansa. Ya sauya hanya, ya sauya kasuwa, wani har gari yake sauyawa, sa'an nan ya kwanta yana ganin ya yi wani abu game da zunubinsa. Alhali bai yi kome ba. Haƙƙin Allah ana wanke shi da tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma haƙƙin mutum yana da mai shi, mai shi kuma yana da ƙofar gida. Wanda ya guje wa ƙofar nan bai rage nauyin da ke kansa ba. Ya dai ɗauke shi ya tafi da shi nesa, inda babu mai taya shi saukewa. Ban san misalin da ya fi bayyana wannan ba kamar rayuwar Balarabe, mai barbarar dabino a Khaibar.

Kakansa ya baro ƙasar Kano a ƙafa, ya yi shekaru a hanyar Sudan yana noma yana matsawa, har Allah ya kawo shi Madina, ya ce ba zai sake barin maƙwabtakar Manzo ba. A wata unguwa ta bayan Anbariyya aka haifi jikan, ranar Laraba, shi ya sa aka kira shi Balarabe, ko da yake a takarda sunansa Muhammad ɗan Isa, irin sunan da mutum dubu suke amsawa. Ubansa ya rasu yana ƙarami. Uwarsa Sabuwa ita ta rene shi da kaskon ƙosai, a bakin wani titi da Hausawan wancan zamani suke kira Lungun Makaɗa.

Wanda ya san titin nan a yau kaɗai ba zai gane abin da yake a da ba. Gidajen gahawa ne a jere, da kujerun igiya a ƙofa, kuma a kansu ake samun duk wanda gari bai san inda zai ajiye shi ba: makaɗan biki da suka kwana suna aiki, masu tsara waƙa da ba wanda ya saka su, mai zanen furanni a jikin manyan motoci, masu kiwon tattabaru, da wani tsoho da yake ba da labarin jaruman da a kan kofin shayi. Dattawa suna hana 'ya'yansu bi ta wurin, kuma ina ganin suna da hujja, domin wuri ne da yake cin lokacin matashi ba ya jin ana ci. Amma adalci ya tilasta in faɗi cewa mutanen titin suna da dokokinsu, kuma suna riƙe da su fiye da yadda wasu masu rawani suke riƙe da nasu.

Babban abin da ya tara su shi ne mizmar, wasan sanda na mutanen Hijaz. Ana hura wuta a tsakiya, maza su kewaye ta suna tafi, ganguna suna tashi, sai mutum biyu su shiga fili kowa yana juya doguwar sandarsa. Dokarsa kuwa ga ta. Wanda ya shigo wa mutane da sanda a sama, faɗa ya zo nema. Wanda ya zo neman sulhu yana jan ta ne a ƙasa, kansa a buɗe babu rawani. In aka yi rauni a fili, ba a kai ƙara ko'ina. Wanda ya yi raunin zai wayi gari a ƙofar wanda ya ji ciwon, yana jan sandarsa, ya miƙa masa ita, shi kuma ya rama ko ya yafe. Daga nan magana ta mutu.

Balarabe ya tashi gwani a wasan, har suka laƙaba masa Guguwa. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: kafin ya juya sanda sai ya buga dunduniyar hagu sau biyu a ƙasa. Wata ranar ƙaramar salla da yamma, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya shiga fili da Hamid, ɗan mai gidan gahawar da ke tsakiyar titin. Hamid mai tsokana ne. Suna kewaya juna ya ce masa, yadda kowa zai ji, "A hankali, ɗan mai ƙosai, kada mai ya zame maka da sanda." Aka yi dariya. Zuciya ta ɗebi Balarabe, sandar da ya kamata ta tsaya a kan sanda ta wuce ta sami Hamid a idon hagu. Ya faɗi, jini ya rufe masa fuska, wani daga cikin taro ya yi ihu, "Ya kashe shi!"

Balarabe ya ruga. Ya sami motar kaya mai tafiya arewa ya ɗare bayanta, kuma sai da suka bar gari ya lura sandar tana hannunsa.

A Khaibar ya sauka, a can ya zauna. Ya yi zazzaɓin wurin har ya saba da shi. Ya koyi hawan dabino da igiya a ƙugu, ya koyi barbara, wato ɗauko furen namijin dabino a ɗaure shi cikin na mace a kan kari, aikin da in aka makara da shi shekara ta tafi. Ya zama amintacce a wurin masu gonaki. Bayan 'yan watanni labari ya iso masa cewa Hamid bai mutu ba, ido ɗaya ya rasa. Mai hankali zai ce a nan ne tsoro ya kamata ya ragu. Nasa ƙaruwa ya yi, domin matacce ba ya neman kowa, mai rai kuwa yana da ƙafa, yana da 'yan'uwa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In baƙuwar mota ta tsaya a bakin gona, sai ya haye dabino ya yi shiru har ta tafi. In ya haɗu da mai ido ɗaya a kasuwa, sai ya juya ya bi wata hanya. In dole ta kai shi Madina, yakan rufe rabin fuska da mayafin kansa, ya shiga Harami ta arewa, ya fita ta inda ya shiga. Sandar kuma ya cusa ta cikin rufin ɗakinsa. Ya kasa ƙona ta, ya kasa kallonta.

Uwarsa ta yi ta aiko masa direbobi da saƙo ɗaya: ka dawo, babu abin da za a yi maka. Shi kuwa ya ɗauka tarko ne aka ɗana da bakin tsohuwa. Yakan ba direban kwandon dabino ya kai mata, ya ce a gaya mata sai baɗi. Ranar da aka aiko cewa ta rasu, ya shiga mota, ya zo har gindin Uhudu, ya hango gari, ya tuna cewa duk mutanen Lungun Makaɗa za su kasance a bayan makarar. Ya sauka ya tsallaka titi, ya hau motar da ke komawa.

Kada a zaci mutumin banza ne. Yana salla a sahun gaba, yana azumin nafila, kuma kowace kaka yakan ware dabino ya yi sadaka da niyyar ladan ya je wa Hamid. Sai dai a nan kuskuren yake, kuma kuskure ne na masu ibada, ba na fasiƙai ba. Ya zaɓi biyan da ba ya buƙatar ya tsaya a gaban kowa. Sadaka aiki ne mai kyau, amma ba ita Hamid yake bi ba. Sallama a ƙofa yake bi. Wanda ake bin sa akuya ba ya fita da kai raƙumi gidan wani.

Ya yi aure a makare, ya auri Shafa'atu, 'yar wasu Hausawan Sudan, ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Nadiya. Yarinyar ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Madina, tana zaune wurin ƙanwar uwarta a Ƙuba. Yana yi mata Hausa tana mayar masa da Larabci, kamar yawancin yaranmu na nan, amma zan kawo maganarta da Hausa. Ba ta san kome game da Guguwa ba. Ta dai san ubanta ba ya son gari.

Wata Juma'a ta zo Khaibar ta ce akwai wanda yake son ya gaishe shi. Mako na gaba saurayin ya zo, Saifuddeen, mai gyaran lantarki a asibitinsu, yaro mai kunya da fara'a, Hausarsa tana ɗingishi amma yana ƙoƙari. Suka zauna a inuwar dabino, Balarabe ya zuba masa gahawa, ya tambaye shi iyaye.

"Abuya yana gaishe ka, ya ammi," in ji saurayin, yana cakuɗa Larabci, inda abuya shi ne baba, ammi kuwa baffa. "Ya so ya zo da kansa, amma tafiya ta gagare shi. Ido ɗaya ya rasa tun yana saurayi, a mizmar, ɗayan kuma yanzu hazo ne kawai."

Butar gahawa tana hannun Balarabe. Ya ajiye ta a hankali. "Wane ne sunansa?"

"Hamid. In ka san tsohon titin makaɗa na bayan Anbariyya, to kowa a nan ya san shi. Ya ce in roƙe ka alfarma, ya san ba haka al'ada take ba, mu ya kamata mu zo. Amma ya rantse ba za a ɗaura kome ba sai ya sha gahawa da uban yarinya a mazauninsa." Ya yi 'yar dariya. "Rigimar tsufa ce, ka yi haƙuri da shi."

Bayan saurayin ya tafi, Balarabe ya yi kwanaki yana juya maganar a ransa. Bai san ko Hamid ya gane wane ne Muhammad ɗan Isa na Khaibar ba, kuma rashin sanin ya fi sanin azaba. In bai gane ba, zai gane da jin murya. In ya gane, to gayyatar nan ba ta gahawa ba ce. Ta kowace fuska ya duba, abu ɗaya yake gani: a gaban jama'a za a ce wa Nadiya ubanta ne ya fasa idon uban mijinta ya gudu, auren ya watse, ita kuma ta dube shi da idon da ba ta taɓa dubansa da shi ba. Ya yi tunanin ya ce bai yarda da yaron ba, ba tare da dalili ba. Shari'a ta ba uba magana a auren 'yarsa, amma ta ba shi ne don ya kare ta, ba don ya ɓuya a bayanta ba, kuma wannan shi ma ya sani.

Nadiya ta kira shi a waya. "Abuya, shiru nake ji. Ko wani abu ka gani a wurin Saif?"

"Ban ga kome ba sai alheri."

"To mene ne? Ka san ubansa ne?"

"Madina ba ta da girma, 'yata."

"Ni dai ban taɓa roƙonka ka shigo gari ba, ko ranar da na gama makaranta ban roƙe ka ba. Yau ina roƙonka."

Balarabe ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakinsa. Sa'an nan ya ce, "Ran Alhamis, bayan la'asar." Da ya ajiye wayar ya ɗauko tsani, ya zaro sandar daga rufi, ya share ƙurarta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ƙudurta zai yi abin da ya kamata ya yi shekara arba'in da wani abu da suka wuce: ya ja ta a ƙasa, kai a buɗe, ya miƙa wa mai ita.

Ran Alhamis Nadiya da Saifuddeen suka tarye shi a tasha, suka ajiye mota kusa da masallacin Anbariyya, domin yanzu an hana motoci shiga titin. A bakin titin ya tsaya. Nan ne daidai inda kaskon uwarsa yake zama. Yanzu wani ɗan shago ne mai gilashi ana sayar da ruwan 'ya'yan itace. Ya cire mayafin kansa da hular ya miƙa wa Nadiya.

"Abuya, lafiya? Da wannan furfurar za ka shiga cikin mutane?"

"Riƙe dai."

Ya kama sandar ta wuya, ya bar kanta a ƙasa, ya soma tafiya. An shimfiɗa wa titin baƙin dutse, an jera ƙananan fitilu daga bango zuwa bango suna jiran magariba. Gidajen gahawa sun fi na da yawa, sai dai yanzu a kofin takarda ake sha. Matasa maza da mata suna kaiwa suna komowa, baƙi daga Turkiyya da Indonesiya da Nijeriya suna ɗaukar hoto, wani yaro yana zaune yana zana fuskar wata mata da gawayi. An rataye tsofaffin ganguna a bango don ado, an rubuta a ƙarƙashinsu cewa nan ne mazaunin masu fasaha na da. Abin da iyaye suke hana 'ya'yansu zuwa gani, yau iyaye suke riƙo hannun 'ya'yansu su kawo su. Balarabe bai ga kyan kome ba. Kowace ƙofa a wurinsa baki ce da za ta iya kiran sunansa. Duk tsohon da ya gifta sai ya sunkuyar da kai. Ƙarar sandar a kan dutse tana bin sa kamar ana jan sarƙa.

"Ga shi can," in ji Saifuddeen, yana nuna tsakiyar titin. An ba wasu matasa hayar tsohon gidan gahawar, sun gyara shi, amma sun bar kujerar igiya guda a ƙofa. A kanta wani tsoho yake zaune, dogo, ramamme, ya ɗora haɓa a kan sanda, idon hagu a shafe.

Tsakaninsu da shi akwai ɗan fili, kuma a filin wata ƙungiyar matasa masu nuna wasannin gargajiya ta ja da'ira, da fararen riguna da rawuna ruwan ɗorawa. Wutar da ke tsakiyarsu ma ta lantarki ce. Babu hanya sai ta gefensu. Balarabe yana raɓawa shugabansu ya hango sandar, ya ga ba irin tasu ta kanti ba ce, tsohuwa ce da mai da hannu suka baƙanta. Ya ɗaga murya cikin murna, "Allahu Akbar, ga na asali! Bismilla, ya ammi, fili naka ne!" Ya yi wa makaɗa alama, suka sauya kiɗa zuwa na kiran gwani.

Sabo turken wawa. Balarabe ya sha faɗa daga baya cewa bai san lokacin da abin ya faru ba, kuma na gaskata shi, domin mutumin da tsoro ya kore wa hankali jikinsa ne yake jan ragama, jiki kuwa abin da ya koya da ƙuruciya ya sani. Dunduniyar hagu ta bugi dutse sau biyu. Sandar da ya jawo a ƙasa tun daga bakin titi ta tashi sama, ta yi juyi ɗaya a bisa furfurarsa tana kuka. Jama'a suka ɗauki tafi, wayoyi suka ɗago ta ko'ina.

"Ku dakata!"

Muryar ta fito daga kujerar igiya. Tsohon ya miƙe, yana laluben ƙasa da sandarsa, ya nufo filin. Kiɗa ya mutu.

"Wa ya buga dunduniya biyu? Mutum ɗaya na sani a garin nan mai wannan baƙar ɗabi'a." Ya tsaya, ya karkatar da kai yana saurare. "Guguwa. Tun ina da baƙin gashi nake jiran sandar nan ta zo mini a ƙasa. Sai ta zo mini a sama, a ƙofar gidan ubana?"

Sai a lokacin Balarabe ya ga abin da hannunsa ya yi. Ya zo neman sulhu, ya shigo da alamar faɗa, a gaban mutumin da ya fi kowa sanin ma'anarta. Yatsunsa suka saki, sandar ta faɗi ta gangara. Ya durƙusa a kan dutsen, ya lalubo ta, ya tura ta gaban ƙafafun Hamid. 'Yan kallo suka ƙara tafi, sun zaci cikin wasan ne.

"Abuya!" in ji Nadiya, ta yunƙura. Saifuddeen ya tare ta da hannu, shi ma fuskarsa ta sauya.

Hamid ya taka sandar da ƙafa, ya ɗaga tasa. Balarabe ya rufe ido, ya ɗago fuska, ya ba shi gefen hagu. Ya ce a wannan ɗan lokacin ya ji duk tsoron da ya tara tun daga bayan motar kaya ya taru a cikin ƙwayar idonsa guda. Sandar ta sauka, ba a ido ba, a kafaɗa, duka na gaske wanda ya sa shi kifewa a kan hannu. Tafi ya tsaya cak.

"Wannan ba na ido ba ne," in ji Hamid, yana haki. "Ido na fili ne, ni na tsokane ka, kuma wanda ya shiga fili ya san sanda ba ta da ido. Wannan na Inna Sabuwa ne. Ka san wa ya zo ƙofarmu da safe? Ita. Ta ari sanda wurin maƙwabta, ta jawo ta tun daga bakin titi, mace, tsohuwa, ta zauna a ƙasa ta ce in rama a kanta. Ubana ya yi kuka ranar. Na ce mata ki aika ya dawo, magana ta mutu. Ta aika, ta aika, dabino kawai yake dawowa. Har ni ta ba ni na ci, dabinonka. Ranar da ta rasu muka tsaya da makara muna duban hanya, har liman ya ce rana tana yi. Ni na kama gaban makarar, da idona ɗaya. Ni, ɗan mai gahawa, na kai mai ƙosai maƙabartar Baƙi'a."

Balarabe ya kifa goshi a kan dutse yana kuka, irin kukan da ba ya da sauti. Hamid ya juya wajen 'yan kallo. "Ku kuma ku sauke wayoyin nan, marasa kunya, ba wasa ake yi ba." Sa'an nan ya zunguri Balarabe da ƙafa. "Tashi, tsohon banza, ka ja ni zuwa kujerata. Gahawa tana hucewa."

Suka zauna. Kafaɗar Balarabe ta ƙi ɗaguwa saboda dukan, har sai da Nadiya ta riƙe masa kofin. Hamid ya ce tun ranar da ɗansa ya ce yarinyar 'yar Khaibar ce, ubanta mai hawan dabino ne da ba ya shiga gari, ya san ko wane ne, domin Sabuwa ba ta ɓoye masa inda ɗanta yake ba. Da ya so kama shi, da ya kama shi tun tuni.

"To auren fa?" Balarabe ya tambaya, da kyar.

"Yarinya ta fasa idon wani ne? Zo nan, 'yata, in ji muryarki. Allah ya sa ba ki gado gudu ba." Nadiya ta durƙusa ta gaishe shi, hawaye a fuskarta, ba ta dubi ubanta ba, amma ba ta saki kofinsa ba.

"Ni kuma fa, Hamid? Ka yafe mini?"

Tsohon ya kurɓi gahawa. "Ka sa na jira. Kai ma ka jira. Ka zo ran Alhamis."

Ya kamata a tsaya a auna abin da tsoro ya saya wa mutumin nan da abin da ya karɓe masa. Hukuncin da ya guje wa, da ya tsaya, bai wuce tafiyar safiya ɗaya da kai a buɗe ba, kuma an riga an yafe shi kafin azahar. Abin da ya biya a maimakonsa shi ne ƙuruciyarsa, da garinsu, da fuskar uwarsa, da tsayuwa a kan kabarinta. Tsoro halitta ce da Allah ya sa wa bawa don ta yi masa gadi. Idan aka ɗora ta inda ba wurinta ba, sai mai gadi ya zama mai gida, ya kulle mai gidan a waje.

An ɗaura auren bayan babbar salla. Daga nan kowace Alhamis Balarabe yakan taso daga Khaibar, ya shiga Lungun Makaɗa bayan la'asar, ya zauna a gefen kujerar igiya. Hamid ya yi ta zaginsa da tsokanarsa, yana ba shi labarin waɗanda suka mutu, in magariba ta yi ya kama kafaɗarsa, wadda ya doka, su tafi masallaci. Kowane mako Balarabe yakan yi tambayarsa, kowane mako amsar ɗaya ce: ka zo ran Alhamis. Yanzu wani tsoron ne ya kama shi, kada ɗayansu ya mutu kalmar ba ta fito ba, kuma wannan shi ne tsoro na farko a rayuwarsa da ya zauna a inda ya dace.

A shekara ta biyu Hamid ya kwanta ciwo, ya rasu wata Talata, kalmar ba ta fito ba. Abin da ya bari shi ne wasiyya a bakin ɗansa, cewa Guguwa ya kasance cikin masu yi masa wanka, kuma shi zai kama gaban makara. Balarabe ya yi duka biyun. Da hannunsa ya shafa ruwa a kan idon da ya fasa. Ya tambayi malamai ko wannan yana tsayawa a matsayin yafiya; wasu suka ce mutum ba ya miƙa gawarsa ga wanda yake riƙe da shi a zuciya, wasu suka ce Allah ne mafi sani, shi kuwa ya riƙi magana ta biyu.

Ya daina hawan dabino, ƙafa ta ƙi. Yana zaune yanzu a Ƙuba wurin Nadiya da mijinta. Sandar tana rataye a bangon gidan gahawar, cikin kayan ado, kanta a ƙasa, kuma baƙi suna ɗaukar hoto a gabanta. Ran Alhamis bayan la'asar yakan shiga Baƙi'a. Ba a rubuta suna a kaburburan can, bai kuma san inda aka sa uwarsa ba, wanda ya sani ya tafi bai nuna masa ba. Sai ya tsaya a inda ƙafarsa ta gaji, ya yi sallama ga duka, ya ambaci Sabuwa, ya ambaci Hamid, ya daɗe a tsaye kamar mai jiran a amsa, sa'an nan ya juya a hankali ya nemi motar Ƙuba.